Hotunan Kakanninmu na Yaƙin Bama Suna Intanet, Amma Wa Ke da Izinin Taɓa Su?

Watannin baya na fara haɗa wata 'yar manhajar Android a lokutan da ba ni da aikin kwastoma. Tsarinta mai sauƙi ne: taswira ce da ke nuna hanyar da sojojinmu suka bi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga barikokin Arewa zuwa Legas, daga can ta jirgin ruwa zuwa Indiya, har dazukan ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, ba Bama ta jihar Borno ba. In ka danna wuri a taswirar, sai hoton wurin ya fito da bayani cikin Hausa.

Abin da ya sa ni wannan aiki wani tsohon gwangwani ne da ke ɗakin kakarmu. A cikinsa akwai lambar yabo mai siffar tauraro da wata takardar sallama da ta fara rududdugewa. Na wan kakana ne, wanda gaba ɗaya gidan ake kira Baba Soja. Ya rasu tun kafin a haife ni, kuma ba mu da hotonsa ko ɗaya.

Rubuta manhajar bai ba ni wahala ba. Samun hotunan ma bai yi wuya ba, domin suna nan birjik a shafukan gidajen tarihi na Turai: samari baƙaƙe da kaya a ka suna ƙetare kogi, wasu suna gyara bindiga, wasu sun yi sahu. Inda na maƙale shi ne 'yan kalmomin da ke ƙasan kowane hoto, waɗanda yawancinmu ba ma karantawa. Na aika wa wani gidan adana tarihi saƙon imel ina neman izinin saka hotuna goma sha biyu. Suka amsa cikin ladabi cewa tunda manhajar za ta nuna talla, to kasuwanci ce, saboda haka zan biya kuɗin kowane hoto da kuɗin waje, kuma izinin na 'yan shekaru ne. Da na lissafa, kuɗin hoto ɗaya ya fi abin da nake kashewa a data na wata uku. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tun daga ranar nake karanta yadda wannan harka take, kuma abin da na gano ya shafi duk wanda ke riƙe da waya yana haɗa bidiyo, ko rubuta Wikipedia, ko koyar da ɗalibai.

Tarihin da ake magana a kai

Turawan Ingila sun kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma a 1943, ta 81 da ta 82, da mutane daga Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Dubun dubatarsu ne aka kai Bama su yaƙi Japan, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, a dajin da mota ba ta shiga, inda ta jirgin sama ake jefa musu abinci da harsashi, sauran kaya kuma a ka ake ɗauka. Tambarinta gizo-gizo ne. Na runduna ta 82 kuwa mashi biyu ne da aka gicciya a kan gammo. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Wasu bataliyoyin Najeriya uku kuma an haɗa su da dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, waɗanda ake saukewa a bayan layin abokan gaba.

In kana Zariya ka san barikin Chindit. In kana Kaduna ka san Dalet da Kalapanzin. A Legas akwai Myohaung da Arakan da Dodan. Duk sunayen nan daga yaƙin Bama suka fito, kuma muna wuce su kullum a Keke Napep ba mu san daga ina suke ba. Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki a rundunar Najeriya, tun daga dakarun da Glover ya tara a Legas a 1863. Kafin Bama kuma an yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Mora. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma Faransa ta ɗebe su zuwa yaƙe-yaƙenta biyu.

Mutanen da suka ga wannan da idonsu kusan duk sun tafi. Abin da ya rage shi ne hotuna, finafinai, jaridu, rajistar sojoji, wasiƙu da kaset. Mafi yawansu suna London da Paris, wasu suna Kaduna, Ibadan, Inugu da Yamai.

Ɗora abu a intanet daban, buɗe shi daban

A watan Afrilun 2014 kamfanin British Pathé ya ɗora tsoffin finafinan labarai kimanin 85,000 a YouTube. Kowa zai iya kalla kyauta. Amma in ka yanko daƙiƙa ashirin ka saka a bidiyonka, ka ɗora muryarka da Hausa, to kamfanin yana da ikon sa a sauke bidiyon, domin kallo ya ba ka, bai ba ka izinin amfani ba. Gidan tarihin yaƙi na Birtaniya, IWM, ya ɗan sassauta: yana da lasisin da ya yarda ka sauke ƙaramin hoto don amfanin da ba na kasuwanci ba. Wannan ci gaba ne, amma ga inda yake tsayawa. Tashar YouTube da ke samun kuɗin talla kasuwanci ce? Makarantar kuɗi fa? Littafin da malami ya buga yana sayarwa a Sabon Gari don ya mayar da kuɗin ɗab'i? Ba mai iya ba ka amsa kai tsaye, kuma mai ƙaramin ƙarfi in ya ga shakka sai ya haƙura. Wikipedia ma ba ta karɓar hoton da aka ce ban da kasuwanci, saboda haka irin wannan hoto ba zai taɓa shiga maƙalar Hausa ba.

A doka, duk abin da mutum ya ƙirƙira yana da haƙƙin mallaka kai tsaye, ko bai rubuta komai a ƙasa ba. In ka ga hoto babu bayanin izini, ma'anarsa a'a. Lasisi shi ne takardar da mai abu ya rubuta tun da wuri yana cewa ga abin da na yarda a yi. Buɗaɗɗen lasisi kuma shi ne wanda ya yarda wa kowa, ba sai an aiko da imel ba. Mu masu rubuta manhaja mun saba da wannan a GitHub: in ka ga MIT ko GPL a kan lambar wani, ka san matsayinka nan take. Ni kaina da irin wannan na koyi aikin, ba a aji ba.

Don hotuna da rubutu da sauti, lasisin da aka fi sani su ne na ƙungiyar Creative Commons, wadda ta fitar da na farko a watan Disambar 2002. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su:

- CC0: mai abu ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya. Yi abin da ka ga dama.
- CC BY: yi amfani, gyara, fassara, har ka sayar, amma ka ambaci mai shi.
- CC BY-SA: kamar na sama, sai dai abin da ka haɗa da shi dole ka sake shi da irin wannan lasisi. Shi Wikipedia ke amfani da shi.
- NC: ban da kasuwanci.
- ND: ban da canzawa, wanda ke nufin ko fassara rubutun zuwa Hausa ba za ka wallafa ba.

Uku na farko ne ake kira buɗaɗɗu. Na huɗu da na biyar ƙofa ce da aka buɗe rabi.

Da yawansu ma wa'adinsu ya ƙare

Wannan ne ya fi ba ni mamaki. Haƙƙin mallaka ba ya dawwama. A dokar Birtaniya, hoton da ma'aikacin gwamnati ya ɗauka a bakin aiki kafin tsakiyar 1957 haƙƙinsa na ƙarewa bayan shekara 50. Ke nan hotunan da masu ɗaukar hoton soja suka yi a Bama a 1945 sun zama na kowa tun ƙarshen 1995. Da wannan hujja ne masu aikin sa kai suka ɗora da yawansu a Wikimedia Commons, kuma daga can na samo waɗanda ke cikin manhajata yanzu. A Amurka abin ya fi haka sauƙi: duk aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka tun ranar farko. Shi ya sa in ka kalli shirye-shiryen Yaƙin Duniya na Biyu a YouTube za ka ga sojan Amurka ko'ina. Wanda aka saki hotonsa shi ake gani, wanda ake gani kuma shi ake tunawa.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba hoto shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi, rubutu kuma shekara 70 bayan rasuwar marubuci.

To me ya sa ake neman kuɗi a kan abin da wa'adinsa ya ƙare? Wasu cibiyoyin suna cewa asalin hoton na kowa ne, amma kwafin da suka yi da na'urar sikana nasu ne. Wata kotu a New York ta ƙi wannan hujja a 1999, a shari'ar Bridgeman da Corel, inda ta ce kwafin da ya yi daidai da asali ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Tarayyar Turai ta saka makamancin haka a dokarta ta 2019 game da ayyukan zane da wa'adinsu ya ƙare. A Birtaniya ma, masana da dama sun fassara hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2023 a shari'ar THJ da Sheridan a kan cewa ya rufe wannan ƙofa. Duk da haka cibiya na iya riƙe babban kwafi mai kyau ta ce sai an biya, ko ta ɗaure ka da sharuɗɗan shafinta. Saboda haka doka kaɗai ba ta isa ba, sai cibiyar ta ga dama.

Waɗanda suka buɗe, me suka gani?

A watan Disambar 2008 gidan adana takardun tarihi na Jamus, Bundesarchiv, ya ba Wikimedia Commons hotuna sama da 80,000 a ƙarƙashin CC BY-SA, da yawansu na zamanin yaƙi. Ba su ba da manyan kwafi ba, ƙanana suka bayar masu faɗin fiksel 800. Masu aikin sa kai suka yi ta gano mutanen da ke cikin hotunan suna gyara bayanan da aka yi kuskure. In ka buɗe maƙalar Wikipedia a kan Jamus ta zamanin Hitila, a kowane harshe, da wuya ka rasa hoto ɗaya daga cikinsu. Gaskiya kuma, bayan kimanin shekara biyu cibiyar ta dakatar da ƙara bayarwa, tana kukan cewa mutane da yawa suna amfani da hotunan ba tare da ambaton mai su ba. Wannan darasi ne a gare mu masu amfani, zan dawo kansa.

Rundunar sojan Finland ta ɗora hotunan yaƙinta na 1939 zuwa 1945, kimanin 160,000, a shafin SA-kuva a 2013, kuma ana amfani da su a ƙarƙashin CC BY. Ƙasa ce mai mutane ƙasa da miliyan shida, amma hotunan yaƙinta sun cika littattafai da bidiyo da shafukan masu saka wa tsoffin hotuna launi a duniya.

Shirin da ya fi burge ni shi ne Europeana 1914-1918. Daga 2011 suka riƙa zagaya garuruwan Turai suna cewa jama'a su kawo abin da ke gidajensu na Yaƙin Duniya na Ɗaya: wasiƙa, hoto, littafin ajiye labari, lambar yabo. A ɗauki hoton abin, a rubuta labarinsa, mai shi ya koma da kayansa gida, kwafin kuma a sake shi da CC BY-SA. Wato gwangwanin kakarmu, amma na dubban gidaje.

Manyan gidajen tarihi ma sun bi sahu. Met na New York ya saki hotuna 375,000 da CC0 a 2017, Smithsonian kuma miliyan 2.8 a 2020. Ba wanda ya rufe saboda haka.

Abin da buɗewa zai ba mu

Na farko, sunaye. Yawancin hotunan sojojinmu an rubuta musu bayani irin "sojojin Afirka ta Yamma a bakin kogi", babu suna, babu gari. Baturen da ya ɗauki hoton bai tambaya ba, kuma ma'aikacin da ke London yau ba shi da hanyar sani. Amma in hoton ya yawata a WhatsApp a Gumel ko Azare ko Maraɗi, wata tsohuwa na iya gane zanen fuska, ko ta ce wannan ai ƙanen mahaifina ne. Maganar suna ba ƙarama ba ce. A 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kai 350,000. Ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. Sunayen da za a iya ceto suna warwatse ne a rajistoci da bakin iyalai, kuma ba za su haɗu ba in kowa ya kulle nasa.

Na biyu, harshe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, 'yan watanni kafin yaƙi ya ɓarke. Da Hausa ta ba mutanen Arewa labarin yaƙin daga farko har ƙarshe. Ka yi tunanin a ce an sikana duk fitowar shekarun nan, an bi da manhajar da ke mayar da hoton rubutu zuwa haruffa, irin su Tesseract, kana iya rubuta sunan garinku a waya ka ga duk inda aka ambace shi a 1944. Irin waɗannan manhajoji har yanzu suna tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, kuma ba za su gyaru ba sai an horar da su da shafukan Hausa masu yawa waɗanda doka ta yarda a yi amfani da su.

Na uku, maganin ƙarya. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke zana hoton "tarihi" cikin daƙiƙa biyar, Facebook da TikTok sun cika da hotunan da ba a taɓa ɗauka ba, da na gaske da aka liƙa wa labarin ƙarya. In asalin hoto yana buɗe, da ranarsa da wurinsa da lambarsa, Google Lens zai kai ka gare shi ka gane gaskiya. In yana kulle, na bogin ne kaɗai ke yawo.

Na huɗu, tsira. A watan Satumbar 2018 gobara ta cinye gidan tarihin ƙasa na Brazil, har da kaset na harsunan da babu masu magana da su yanzu. A watan Oktoban 2023 masu kutse suka kai wa babban ɗakin karatu na Birtaniya hari, ayyukansa na intanet suka tsaya watanni. In hakan ta faru da London, ka auna takardar da ke fama da gara da zafi da ɗigar ruwan damina. Duk mai aikin kwamfuta ya san ƙa'idar: fayil ɗin da ke wuri ɗaya kamar babu shi ne. Buɗaɗɗen lasisi na ba kowa damar ajiye kwafi a Internet Archive, a Commons, a sabar jami'a, har a memori kad.

Tsoron da cibiyoyi ke ji

Ba mugunta ke sa su riƙewa ba, kuma ya kamata a saurare su.

Akwai maganar kuɗi. Sikana da saba da albashi duk kuɗi ne, kuma cibiyoyinmu ba a wadace suke ba. Amma kowace cibiya ta zauna ta lissafa: nawa sayar da izinin hoto ya kawo mata bara, nawa ta kashe wajen amsa wasiƙu da bin sawu? Kuma buɗewa ba ta hana karɓar kuɗin aiki. Wanda ke son a sikana masa wani fayil na musamman, ko a buga masa babban hoto, zai biya. Akwai kuma masu ba da tallafin sikana, kamar shirin ceto takardun da ke cikin haɗari da ɗakin karatun Birtaniya ke gudanarwa tun 2004, wanda sharaɗinsa shi ne a ɗora abin da aka sikana a intanet kowa ya gani.

Akwai tsoron cewa manyan kamfanonin waje za su kwashe su ci riba. Wannan gaskiya ne, zai faru. Amma babban kamfani yana da kuɗin biya da lauyoyi ko an kulle ko an buɗe. Wanda kulle ke hanawa shi ne malamin firamare a Daura da yarinyar da ke haɗa bidiyo da CapCut. Cibiyar da ke jin wannan tsoro ta zaɓi CC BY-SA, wanda ke tilasta wa mai gyara ya saki nasa shi ma.

Sai maganar mutunci, wadda ta fi sauran nauyi. Kayan yaƙi ba hoton fure ba ne. Akwai gawa, akwai fursuna, akwai rahoton likita, akwai yara cikin yunwa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 har yanzu ciwo ne, da yawan waɗanda ya shafa suna raye, kuma hoto ɗaya da aka cire daga muhallinsa na iya tayar da fitina. Ba kowane abu ne za a saki ba. Lasisi haƙƙin mallaka kawai yake warwarewa, bai shafe haƙƙin sirri ba, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Abin da ya dace shi ne a tantance: wannan a buɗe, wannan sai mai bincike a ɗakin karatu, wannan sai an tuntuɓi iyali. Kasancewar akwai fayil goma masu haɗari ba hujja ba ce ta kulle dubu.

Abin da muke roƙo

Kiran ya shafi gidajen tarihi na London da Paris, ya kuma shafi namu: ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da rassanta a Kaduna, Ibadan da Inugu, Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan tarihin yaƙi na Umuahia, ɗakunan karatun jami'o'i, gidajen rediyo masu tsoffin kaset, da takwarorinsu a Yamai. Matasan Archivi.ng da ke sikana tsoffin jaridun Najeriya sun riga sun nuna cewa aikin na yiwuwa a nan gida. Roƙon guda biyar ne:

1. Duk abin da wa'adinsa ya ƙare a rubuta a fili cewa na kowa ne, kar a ɗora sabon haƙƙi a kan kwafin.
2. Abin da cibiya ta mallaka a sake shi da CC BY ko CC BY-SA.
3. Jerin bayanan kayan, wato suna, rana, wuri da lamba, a sake shi da CC0, kamar yadda Europeana ta yi tun 2012. Ko ba a sikana komai ba tukuna, sanin abin da ke cikin ma'ajiya rabin aiki ne.
4. A bayar da babban kwafi ba tare da tambari a tsakiyar fuskar mutum ba, da ƙaramin kwafi don masu ƙaramar data.
5. A fara da kaɗan. Hoto ɗari da aka tantance sun isa gwaji, a ga abin da zai biyo baya cikin shekara.

Kai kuma da wayarka

Ka fara da ladabin amfani. Kafin ka ɗauki hoto, duba lasisinsa. A Wikimedia Commons yana ƙasan kowane fayil. In an ce a ambaci mai shi, ka rubuta sunan cibiyar da lambar hoton da sunan lasisin a ƙarƙashin bidiyonka. Layi ɗaya ne. Rashin wannan layi ne ya sa Jamusawa suka ja baya, kuma duk lokacin da ka goge sunan ma'ajiya ka liƙa tambarin shafinka, kana ba mai son kullewa hujja.

Sannan ka leƙa gida. In akwai tsohon soja a danginku, nemi takardunsa. Shimfiɗa su a wuri mai haske ba cikin rana kai tsaye ba, kashe filashi, riƙe wayar daidai saman takardar, ka ɗauki gaba da baya. Manhajar PhotoScan na rage ƙyallin hoto mai sheƙi. Lambar soja da ke kan takardar sallama ita ce mabuɗin neman mutum a kowace rajista, kar ka bari ta fita dishi-dishi. Ka zauna da tsofaffin gida ka naɗi muryarsu, bayan ka gaya musu inda za ka saka kuma sun yarda. Kafin ka ɗora wani abu a Commons ka tuna cewa mallakar takardar hoto ba ita ce mallakar haƙƙinsa ba, haƙƙin na wanda ya ɗauka ne har wa'adi ya ƙare. In ka rikice, masu Wikipedia ta Hausa suna da ƙungiya kuma suna taimaka wa sababbi.

Daga nan ka rubuta wa cibiya. Gajeren saƙo cikin girmamawa ya fi dogon zagi a X: ga ni, ga abin da nake son yi, ga hoton da lambarsa, shin za ku iya sakin sa da CC BY? Ka haɗa da misalin Finland. In ɗalibi ne kai, ka roƙi malaminku ya sa hannu. Ma'aikacin da ke son buɗewa yana buƙatar irin waɗannan wasiƙu ya nuna wa shugabansa cewa akwai masu nema. Lokaci mafi dacewa shi ne gab da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, lokacin da kowace hukuma ke neman abin da za ta nuna.

Manhajata na nan da hotuna bakwai maimakon goma sha biyu, duk daga Commons. Guraben biyar na bar su fanko, da lambar hoton da sunan inda yake. Takardar sallamar Baba Soja kuwa na ɗauke ta gaba da baya, kakarmu ta ba da izini, ita ce shafin farko da ke buɗewa.